Riga Ita Ce Sarautar: Mutuwa, Dawowa da Gado a Labaran Jaruman Zane na Amurka

 

Mai girma shugaban taro, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa Hausawa mazauna Washington da Maryland da Virginia, da matasan da na hango can baya suna murmushi don yau an shigo fagensu, barkanmu da zuwa.

An nemi in yi magana a kan jaruman littattafan zane na Amurka, irin su Superman da Batman da Spider-Man da Captain America da Black Panther, da gardamar da masoyansu ba sa gajiya da ita: me ya sa labarin kullum yake komawa gidan jiya, shin jarumin yana sauyawa da gaske, kuma mene ne matsayin tufafin da yake sakawa? Na san a cikin dattawa akwai mai cewa a ransa, duk damuwar da ke gabanmu a rasa abin tattaunawa sai zanen yara. Allah ya huci zuciyarku. Waɗannan hotuna su ne a jikin jakunkunan makarantar 'ya'yanmu da jikokinmu, su ne a rigunansu, su ne a bakinsu in sun dawo daga sinima. A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4. Abin da ya kai wannan daraja, ya kuma shige ɗakunan 'ya'yanmu, ya kamata mu san yadda aka gina shi.

Magana ɗaya zan kare a gabanku. A wannan adabi, riga da tambarin da ke ƙirjinta su ne dukiyar da ake tsarewa, wanda ke cikin rigar kuwa riƙo yake yi. Wanda ya gane haka zai gane dalilin da ya sa mamaci yake tashi, zai kuma iya bambanta sauyin da ke ɗorewa da wanda za a share bayan shekara biyu.

Washington a Cikin Labarin

An fi danganta wannan sana'a da New York, domin can manyan kamfanonin suka tashi. Amma garin nan yana cikin labarin tun ranar farko. A fitowar farko ta mujallar Action Comics a 1938, inda Superman ya fara bayyana, a nan labarin ya tsaya: jarumin ya zo Washington, ya gano wani mai kamun ƙafa yana ƙulle-ƙulle da wani sanata, ya sungume shi ya yi tsalle da shi har saman ginin Majalisa. Wonder Woman ma, da ta baro tsibirinsu a labarin farkon 1942, nan ta sauka, ta ɓad da kama a matsayin ma'aikaciyar jinya ta soja.

Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki yana ajiye da mujallun zane sama da 140,000, yawancinsu sun shigo ta hanyar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta sa mawallafa su riƙa kai kwafi. A 2008 wani bawan Allah da ya ɓoye sunansa ya ba ɗakin kyautar shafuka 24 na ainihin zanen hannun Steve Ditko, na mujallar Amazing Fantasy ta 15, wadda Spider-Man ya fara fitowa a cikinta a 1962. A 2018 Stephen Geppi, babban dillalin mujallun nan daga Baltimore, ya ƙara da kaya sama da 3,000. Ga taron Small Press Expo na masu zane masu zaman kansu, da ake yi a yankin Bethesda tun 1994, ga Awesome Con da ake yi a babban zauren taro na tsakiyar gari tun 2013. Wanda ya taɓa shiga cikin wannan cincirindo ya ji gardamar da muke magana a kai da kunnensa.

Kukan Masoya

Ga abin da suke kuka da shi. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya kashe Superman a fitowa ta 75 ta mujallarsa, wani dodo mai suna Doomsday ya hallaka shi. Gidajen talabijin suka ɗauki labarin, mutane suka yi layi a shaguna, aka sayar da miliyoyin kwafi, wasu suka saya suka ɓoye da zaton wata rana za su yi arziki da shi. Kafin 1993 ta ƙare, Superman ya dawo.

A 1988 an buɗe layukan tarho biyu aka ce masu karatu su yanke hukunci, Robin na biyu, wato Jason Todd, ya rayu ko ya mutu. Ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce a bar shi. Da ratar 72 aka kashe yaron. A 2005 ya dawo da sabon suna. Jean Grey ta ƙungiyar X-Men ta mutu a 1980, ta dawo a 1986. Barry Allen, wato Flash, ya mutu a 1985, ya yi sama da shekara ashirin a kabari, ya tashi a 2008. Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke riƙe da sunan Ms. Marvel, an kashe ta a 2023, cikin 'yan watanni aka dawo da ita. Masoya sun daɗe suna raha cewa mutum uku ne kaɗai ba sa tashi: Bucky abokin Captain America, da Jason Todd, da Ben kawun Spider-Man. A shekara guda, 2005, biyun farko suka tashi, aka bar Kawu Ben shi kaɗai.

Aure ma bai tsira ba. Spider-Man ya auri Mary Jane a 1987, suka yi shekara ashirin tare. A 2007 editocin Marvel suka ga magidanci ba ya jan hankalin matasa, sai aka rubuta cewa ya yi ciniki da wani shaiɗani, ya ba da aurensa don ran gwaggonsa, aka wayi gari tamkar ba a taɓa ɗaura shi ba. Har yau akwai masu karatun da ba su yafe ba. In kuwa tarihin ya cakuɗe ya fi ƙarfin gyara, sai a yi sabon lale gaba ɗaya. DC ta yi haka a 1985 zuwa 1986, ta sake a 2011 inda ta mayar da mujallu 52 lamba ta ɗaya, sannan a 2016 ta shiga dawo da abubuwan da ta zubar a 2011.

Tushen Zagayen

Mai karatu cikin fushi yakan ce marubutan ne basirarsu ta ƙare. Ni ina ganin tushen ya fi haka zurfi.

Na farko, mallaka. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga Cleveland, su suka ƙirƙiri Superman, suka sayar da shi a kan dala 130. A watan Afrilu na 2024 an sayar da kwafi guda na fitowar farko ta Action Comics, wadda farashinta senti 10 ne a 1938, a kan dala miliyan 6. Tun daga wancan ciniki na dala 130 jarumi ya zama kayan kamfani. Marubucin da ya mallaki labarinsa yana iya tsufar da jaruminsa, ya binne shi, ya rufe littafi. Ma'aikacin kamfani ba shi da wannan iko, domin a kan jarumin nan aka ɗora fina-finai da kayan wasa da riguna da jakunkuna. Ku lura kuma da bambancin dokoki biyu. Haƙƙin mallakar irin waɗannan tsofaffin ayyuka shekara 95 ne, don haka Superman na 1938 zai zama na kowa a 2034, Batman a 2035. Tambarin kasuwanci kuwa, wanda ake rajistarsa a ofishin gwamnati da ke Alexandria nan kusa da mu, ba ya ƙarewa muddin ana amfani da shi. Ke nan harafin da ke ƙirjin Superman ya fi labarinsa tsawon rai a wurin lauyoyi.

Na biyu, masu karatu iri biyu ne ake yi wa hidima. A da, yara ne ke saye a wurin masu jarida, bayan 'yan shekaru su girma su bari, wasu su taso, don haka maimaici ba ya damun kowa. Daga shekarun 1970 kasuwar ta koma shaguna na musamman, masu saye suka zama manya masu tarawa, waɗanda ba sa manta abin da ya faru shekara talatin baya. Tsohon mai karatu yana son abin da ya faru ya bar tabo, sabon shiga yana son ya tarar da jarumin yadda ya gan shi a fim. Kamfani yana son kuɗin duka biyun, sai ya ba wannan mutuwa, ya ba wancan dawowa. Ƙari a kan haka, marubutan yau yaran jiya ne, kowa ya samu alƙalami sai ya dawo da gwanin ƙuruciyarsa. Geoff Johns shi ya jagoranci maido da Hal Jordan kan matsayin Green Lantern a 2004, shi ya kuma rubuta labarin da ya zaunar da Barry Allen a 2009.

Na uku ya fito ne daga Majalisar Dattawa. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana zargin mujallun zane da lalata tarbiyyar yara. Wani kwamitin Majalisar ya yi zaman sauraron ba'asi a New York a wannan shekara. Don gudun kada gwamnati ta sa musu doka, mawallafa suka kafa hukumar tace kansu, wadda ta shar'anta cewa dole alheri ya rinjayi sharri, mai laifi ya sha hukunci, kuma ba a zubar da mutuncin hukuma. Labarin da aka riga aka yanke ƙarshensa, ina zai je in ba zagaye ba? Marvel ba ta fita daga wannan tsari ba sai 2001, DC sai 2011. Takardun Wertham suna nan a Ɗakin Karatu na Majalisa. Da aka buɗe su ga masu bincike a 2010, wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta bi su ta nuna a 2012 cewa likitan ya sassauya bayanan yaran da ya kafa hujja da su.

Na huɗu, lokaci. Masanin nan na Italiya, Umberto Eco, ya yi rubutu a kan Superman inda ya nuna cewa duk wani mataki na gaske da jarumi ya ɗauka yana matsar da shi kusa da tsufa da mutuwa, shi ya sa ake ba shi aiki kullum amma ba a bari aikin ya tara masa shekaru. Peter Parker, wato Spider-Man, ɗan sakandare ne a 1962, ya gama a 1965, ya kammala jami'a a 1978, daga nan agogonsa ya kusan tsayawa. Iron Man a yaƙin Vietnam ya ji rauni a labarin 1963, a fim ɗin 2008 aka mayar da raunin Afghanistan. Ana danganta wa Stan Lee na Marvel cewa abin da ake so shi ne mai karatu ya ji kamar ana sauyi, alhali komai na nan inda yake.

Yadda Aka Ɗinka Rigar

Yanzu mu dubi ita kanta rigar, domin kowane abu a jikinta yana da dalili na sana'a.

Mai zane yana da shafuka kusan ashirin da zai cika a wata. In ya sa wa jarumi kaya masu ninki da aljihu da maɓalli, ya jawo wa kansa aiki a kowane hoto. Riga mai ɗame jiki kuwa, jikin mutum kawai zai zana ya ja 'yan layuka a wuya da hannu da ƙugu. The Phantom na Lee Falk, wanda ya fito a jaridu a 1936, ya riga Superman saka irin wannan. Jan kamfan da Superman ke ɗorawa a kan wando, wanda yaran yau ke yi wa dariya, shigar ƙarfafan maza ce ta gidajen wasan nuna bajinta na wancan zamani. Mai karatu na 1938 da ya gani ya san an ce masa ga ƙaƙƙarfa.

Launi kuma maɗaba'a ce ta zaɓa. Tawada huɗu ake bugawa da ita a kan takarda mai araha, launukan da suka fi fitowa sarai su ne ja da shuɗi da rawaya, sai jarumai suka kwashe su. Miyagu suka gaji kore da shunayya, ku dubi Joker da Lex Luthor da Green Goblin. Hulk ruwan toka ne a fitowarsa ta farko a 1962, launin ya ƙi zama daidai daga shafi zuwa shafi, a fitowa ta biyu aka mayar da shi kore. Garkuwar Captain America ta farko mai tsini ce a ƙasa. Wani kamfani mai jarumi da ake kira The Shield ya yi ƙorafin ta yi kama da tambarinsa, a fitowa ta biyu aka mayar da ita zagayayya, kuma wannan ce ya shahara da jifa da ita. Ditko ya rufe fuskar Spider-Man ruf, babu ido babu baki a waje, abin da daga baya ya ba kowane yaro, baƙi ko fari, damar ya ga kansa a ciki.

Da zarar jama'a sun haddace riga, taɓa ta ya zama jan faɗa. A 1984 aka sa wa Spider-Man baƙar riga, dabarar da Marvel ta saya daga wani matashi mai karatu a kan dala 220. Ta yi kyau matuƙa, amma a 1988 ya koma ja da shuɗi. A 1997 aka mayar da Superman mai walƙiya, shuɗi da fari, babu mayafi, a 1998 ya koma kayansa. A 2011 aka cire masa jan kamfai, a 2018 aka mayar masa a fitowa ta 1000 ta Action Comics. Wonder Woman ta ajiye kayanta da ƙarfinta a 1968. 'Yar gwagwarmayar mata Gloria Steinem ta sa hotonta da tsohuwar shigarta a bangon mujallar Ms. a 1972, a 1973 aka dawo mata da komai. Sauyin da ya zauna galibi na ƙuruciyar jarumi ne, kafin ido ya saba: sulken Iron Man ya tashi daga ruwan toka ya kai ja da ruwan zinariya duk a cikin 1963, Daredevil ya bar rawaya ya koma ja a 1965. Ko kuma ya zama sabbin masu karatu ne suka tsaya masa, kamar kayan da Jamie McKelvie ya zana wa jaruma Carol Danvers a 2012, masu rufe jiki irin na matuƙan jirgin yaƙi, waɗanda mata suka runguma har suka kai fim.

Garkuwa da Masu Riƙonta

Mu Hausawa muna da hanyar gane wannan a sauƙaƙe. Sarki yakan rasu, ko a tuɓe shi, wani lokaci ma a maido shi, amma alkyabba da rawani da sanda suna nan, su ake miƙa wa na gaba. Sarki goma, zamani goma, sarauta ɗaya. Babu jarumin da ya fi Captain America nuna wannan, kuma mafi yawan rikicin sarautarsa da garin nan yake da alaƙa.

Joe Simon da Jack Kirby suka ƙirƙire shi. A bangon fitowar farko, mai ɗauke da watan Maris 1941, yana naushin Hitler, tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba. Bayan yaƙi kasuwarsa ta mutu, sai a 1964 aka ce ai daskarewa ya yi a cikin ƙanƙara, aka narkar da shi. A 1974, ana tsakiyar badaƙalar Watergate, marubuci Steve Englehart ya sa shi ya bi sawun wata ƙungiyar asiri har cikin Fadar White House, inda ya tarar shugabanta wani babba ne a gwamnati. Ba a nuna fuskar mutumin ba, amma kowa ya gane da wa ake. Steve Rogers, wato shi Captain America, ya tuɓe rigar tuta, ya ɗinka wata ya kira kansa Nomad, har mayafin sabuwar rigar ya harɗe shi ya faɗi a fitarsa ta farko. Wani saurayi ya ɗauki tsohuwar rigar, maƙiya suka kashe shi, dole Rogers ya dawo ya karɓi kayansa a 1975.

A 1987 Mark Gruenwald ya fito da maganar fili. Wani kwamitin gwamnati ya kira Rogers ya ce masa suna da riga da garkuwa duk na hukuma ne, ko ya bi umarni ko ya ajiye. Ya ajiye, aka naɗa John Walker, mutum mai zafin kai, har zuwa 1989 da aka maido mai ita. A 2007 aka harbe Rogers, Bucky ya riƙe daga 2008, Rogers ya tashi a 2009. A 2014 tsufa ya kama shi, ya miƙa garkuwar ga Sam Wilson, baƙar fata daga Harlem, wanda yake tare da shi tun 1969 da sunan Falcon.

In mutum ya tsaya a kan Rogers kaɗai, zai ce babu abin da ya motsa: ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Amma ku dubi tambayar da ake yi a kowane zagaye. A 1941 ana tambayar wa za a yaƙa. A 1974, shin ƙasa da shugabanta abu ɗaya ne? A 1987, jarumi na gwamnati ne ko na aƙida? A 2003 Robert Morales da Kyle Baker suka rubuta labarin Isaiah Bradley, baƙin soja da aka gwada maganin ƙarfin Captain America a jikinsa da na 'yan uwansa, labarin da ya samo tushe daga gwajin Tuskegee na gaske, wanda hukumar lafiya ta ƙasar nan ta yi a kan baƙaƙen fata daga 1932 zuwa 1972. Daga nan tambayar ta koma, shin baƙar fata zai iya saka tutar ƙasar da ta yi wa kakanninsa haka? Masu fim sun gane inda nauyin yake. A fim ɗin 2014 Rogers ya shiga gidan tarihi na Smithsonian ya ɗauke tsohuwar rigarsa daga jikin gunki. A shirin talabijin na 2021 Wilson ya kai garkuwar wannan gidan tarihi don yana ganin ba ta dace da shi ba, gwamnati ta ɗauko ta ba Walker. A fim ɗin 2025 Wilson ne Captain America.

Sauyin da Ke Ɗorewa

To wane sauyi ne ba a sharewa? Wanda ya ƙara sabuwar riga a kasuwa. Dick Grayson, Robin na farko tun 1940, ya girma ya zama Nightwing a 1984, kuma ba a mayar da shi yaro ba, domin kamfani ya samu jarumai biyu a maimakon ɗaya. Baƙar rigar Spider-Man ta zama Venom, mai fina-finansa na kansa. Daga mutuwar Superman aka samu Steel, baƙar fata injiniya, yana nan har yau. John Stewart ya karɓi zoben Green Lantern a farkon shekarun 1970, kuma yaran da suka taso da katun ɗin Justice League na 2001 shi suka sani da wannan suna. Miles Morales ya fito a 2011, yau akwai yaran da in an ce Spider-Man shi suke nufi. Amma Barbara Gordon, wadda ta gurgunce a 1988 ta zama Oracle, gwanar kwamfuta a kan keken guragu, abin alfaharin masu buƙata ta musamman sama da shekara ashirin, a 2011 aka miƙar da ita ta koma Batgirl, domin sunan Batgirl ya fi ciniki. A nan misalinmu na sarauta ya tsaya. Mu ba a sarki biyu a gari ɗaya, su kuwa sun gano Spider-Man biyu sun fi ɗaya riba.

Black Panther da Mutuwar Gaskiya

Black Panther tun asali sarauta ce ta gado a ƙasar Wakanda, daga T'Chaka zuwa ɗansa T'Challa. Stan Lee da Jack Kirby suka fito da shi a Yulin 1966, 'yan watanni kafin a kafa jam'iyyar baƙaƙen fata mai wannan suna a Oakland. A 1972 Marvel ta gwada sauya masa suna zuwa Black Leopard don kauce wa siyasa, abin bai karɓu ba. A 2016 Ta-Nehisi Coates, haifaffen Baltimore wanda ya yi karatu a Jami'ar Howard, ya karɓi rubutun, ya sa talakawan Wakanda suna tambayar dalilin da zai sa mutum ɗaya ya mulke su.

Fim ɗin 2018, wanda faɗansa na farko a dajin Sambisa aka ce ya faru, ya tara sama da dala biliyan 1.3. Ruth Carter, mai tsara tufafin, ta ɗebo daga Afirka ta zahiri: bargunan Basotho, hular matan Zulu, zobban wuyan Ndebele, duwatsun adon Masai, da shigar Buzaye ga ƙabilar fatake. A 2019 ta ci lambar Oscar, baƙar fata ta farko a wannan fanni, ta sake ci a 2023. Chadwick Boseman, wanda ya fito a T'Challa, ya gama Howard a 2000, ya dawo ya yi jawabin yaye ɗalibai a 2018. Ranar 28 ga Agusta 2020 ciwon daji ya ɗauke shi yana da shekara 43. Wannan mutuwa babu edita mai soke ta. Marvel ta ƙi sa wani ya fito a T'Challa, a fim ɗin 2022 rigar Black Panther ta koma hannun ƙanwarsa Shuri, kamar yadda ta taɓa komawa a mujalla a 2009. Rigar da Boseman ya saka tana hannun gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian tun 2018, Howard kuma ta sa wa tsangayarta ta fasaha sunansa a 2021.

Namu Rabon

Ga matasanmu masu zane, akwai wanda ya riga ku buɗe hanya a wannan yanki. Roye Okupe, haifaffen Legas, ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar George Washington, ya kafa YouNeek Studios, ya fitar da E.X.O. a 2015, sannan Malika a 2017, labarin sarauniya mayaƙiya ta daular Azzaz, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A 2021 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse, a 2025 labarinsa Iyanu ya zama katun a talabijin. Ɗan uwanmu Bayarabe ya ga abin da ke cikin tarihinmu ya ɗauka, kuma ya kyauta. Saura mu.

In za ku zana, zanen aro ba ya rufe katara. Kun ji dalilan da suka haifi riga mai ɗame jiki, ƙarancin lokaci ne da arahar takarda a Amurkar 1938, babu wanda ya wajabta muku ita. Kamala Khan da doguwar riga da gyale ta fito, ta kuma karɓu. Kuna da lifidi da sulke da kwalkwalin mahayan hawan salla, kuna da aska takwas ta babbar riga, da baban marinar Ƙofar Mata, da dagin Arewa wanda yake tambari a shirye. Ma'aunin shi ne yaro ya iya zana rigar da ka, a kuma gane jarumin ko da inuwarsa kaɗai aka gani.

Sannan kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Ku tuna dala 130 ta Siegel da Shuster. Wanda ya riƙe haƙƙinsa shi ke da ikon kai labari ƙarshe. Robert Kirkman ya fara Invincible a 2003, ya bar jaruminsa ya girma ya haihu, ya rufe labarin a 2018 a fitowa ta 144, domin ba shi da uban gidan da zai hana shi.

Iyaye kuma, in yaro ya zo da labarin wane ya mutu, kada a kore shi. A tambaye shi wa zai gaji rigar, wa ya zana ta, wa ke cin ribarta. Daga waɗannan tambayoyi za ku kai shi ga tarihin ƙasar da yake zaune a ciki, daga Watergate har Tuskegee, daga nan kuma ku ba shi labarin Amina da ganuwar Zazzau. Gidajen tarihin Smithsonian kyauta ake shiga, a kai su su gani da idonsu.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi, na kuma san matasan can baya suna da gyare-gyare.